Kantin da ba ya talla: yadda JAR ya gina sana'ar kayan ƙawa a Faris

Shekarun baya na raka yayata kasuwa za ta sayar da sarƙa da 'yan kunne na gwal, cikin kayan lefenta, saboda kuɗin makarantar yara ya taso a lokacin da hannu ba ƙarfi. Kayan sun yi kyau ƙwarai. Ƙirar ganye aka yi musu, kowane ganye da jijiyarsa, aka jera wasu ƙananan duwatsu jajaye a gefe. Mai shagon ya karɓa, ya goga a baƙin dutsensa, ya ɗiga ruwan gwaji, ya gyaɗa kai. Sai ya ɗauko ɗan tsinken ƙarfe ya shiga ɓamɓare duwatsun ɗaya bayan ɗaya yana tara su a kan takarda.

"Alhaji, ya haka? Aikin fa?" in ji ta.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Aiki na wanda ya saya da fari ne. Mu nauyi muke saye."

Ya ɗora a sikeli, ya buga lissafi da farashin giram na ranar, ya ƙirga mata kuɗinta. Ko kwabo bai cuce ta ba, haka cinikin yake daga Kano har Dubai, kuma saboda haka ne ma mata suka riƙe gwal a matsayin ajiya. Amma tun daga ranar nake tuna mutumin da ya zauna ya fitar da jijiyar ganyen nan, wanda aikinsa na kwanaki ya tashi a banza cikin minti biyar. Duk wanda ya ce zai kafa sana'ar zana kayan ƙawa masu tsada da sunansa, ba tare da wani babban kamfani a bayansa ba, da wannan sikelin zai yi kokawa. Ta yaya kuɗin aiki zai zauna a jikin kaya, ya bi su har hannu na biyu da na uku? Na daɗe ina bibiyar labarin wani mutum da ya ci wannan kokawar, kuma hanyar da ya bi ta cancanci a zauna a dube ta da kyau.

Daga zare zuwa dutse

Joel Arthur Rosenthal, wanda aka fi sani da haruffan farko na sunansa, JAR, an haife shi a 1943 a unguwar Bronx ta birnin New York. Shi kaɗai ne wurin iyayensa. Mahaifinsa ma'aikacin gidan waya ne, mahaifiyarsa malamar makaranta mai koyar da ilimin halittu. Gidansu babu maƙeri, babu dillalin lu'ulu'u, babu wani gado da zai ɗora a kai. Ya karanta tarihin zane-zane da falsafa a Jami'ar Harvard, ya gama a 1966, ya tattara ya koma Faris. Ya ɗan taɓa rubutun fim bai yi nisa ba. A 1973 shi da abokin tafiyarsa Pierre Jeannet, ɗan Suwizalan kuma likitan ƙwaƙwalwa, suka buɗe ɗan shagon ɗinkin hannu a titin rue de l'Université.

Irin ɗinkin nan ne da ake ɗaure ƙyalle mai ƙananan ramuka, a bi ramukan da allura da zaren ulu har hoto ya fito. Wanda ya taɓa zama kusa da mai ɗinkin hula ya san abin da nake nufi: tazarar da ba ta kai faɗin farce ba sai ta ci soki talatin, kuma kowane soki da gurbinsa. Rosenthal furanni ya fi zanawa, abin da ya ɗauke masa hankali kuma shi ne launi, yadda ja zai taso daga mai duhu ya yi ta washewa har ya koma ruwan hoda ba tare da ido ya kama inda aka sauya zare ba. Masu zane na manyan gidajen tufafi da kayan ado, Hermès da Valentino, sun riƙa zuwa shagon. Bai daɗe ba aka rufe shi, amma a can ne wani ya roƙe shi ya zana masa mazaunin wani dutse mai daraja, daga nan hanya ta karkata. A 1976 ya koma New York ya yi ɗan gajeren aiki a kantin Bulgari, a 1977 ya dawo Faris ya fara zana nasa, a 1978 kuma su biyu suka buɗe kanti a dandalin Vendôme.

Wannan dandali shi ne fadar sana'ar a duniya. Cikin manyan gidajen kayan ƙawa, Boucheron ya sauka can tun 1893, Van Cleef & Arpels a 1906, Chaumet na nan, otal ɗin Ritz na nan, Cartier kuma na kan titin rue de la Paix da ke ɓullowa cikin dandalin tun 1899. Cikin waɗannan giwaye wani mai shekara 35 da bai taɓa koyon ƙira a makaranta ba ya kama ɗan ɗaki a wani lungu. Ma'aikatan kantin su biyu ne, shi da Jeannet.

Jarin da babu

Wahalar farko a wannan sana'a ita ce kayan aikin kansu kuɗi ne. Tela na iya farawa da keke ɗaya da yadin masu kawo ɗinki. Mai kayan ƙawa kuwa kafin ya nuna abu ɗaya sai ya binne jarinsa a cikin gwal da duwatsu, sannan ya zauna jiran mai saye, wataƙila wata shida, wataƙila shekara biyu. Lokacin da JAR ya fara ma abin ya fi tsanani. A 1978 oza ɗaya na gwal, wato kimanin giram 31, yana wajen dala 200, kafin ƙarshen Janairun 1980 ya taɓa dala 850. Ƙaramin mai sana'a ba shi da yadda zai cika tire da gwal mai nauyi a irin wannan kasuwa, balle ya sayi babban lu'ulu'un da maƙwabtansa ke bajewa a tagoginsu.

Sai ya nufi abin da manyan gidajen suka raina: murjani, da wani farin dutse mai sheƙi irin na hasken farin wata, da ƙananan lu'ulu'u masu launi. A nan akwai wani lissafi da ya kamata a fahimta. Ana auna duwatsu da karat, karat ɗaya kashi ɗaya cikin biyar na giram, amma farashin karat yana hawa ne da girman dutsen. Manyan duwatsu ba su da yawa a ƙasa, don haka dutse ɗaya mai karat goma ya ninka ƙananan duwatsu ɗari biyu masu jimillar wannan nauyi tsada nesa ba kusa ba. Wanda ya iya sarrafa ƙananan, ya sami kayan aiki da araha. Abin da ya rage masa shi ne ido da haƙuri, su kuma ya taho da su daga shagon zare.

Salon da ya shahara da shi Faransawa na kiransa pavé, ma'anarsa daɓe, kamar daɓen tsakuwa a tsakar gida. Ana huda wa kowane ɗan dutse raminsa a jikin ƙarfe, a zaunar da shi, a tayar da 'yan ƙwayoyin ƙarfe daga gefe su riƙe shi, a matsa na gaba ya manne masa har ƙarfen ya ɓace a ga duwatsu zalla. Ba shi ya ƙirƙiro daɓen ba. Abin da ya ƙara shi ne ya ɗauki duwatsun tamkar zare: a zube ɗaruruwan yaƙutu a tire, a ware mai duhu, a ware mai haske, a ware na tsakani, sannan a jera su yadda ganyen fure zai yi duhu a gindi ya washe a baki. Ya kuma dawo da wata tsohuwar dabara ta ƙarni na 18 da na 19, kafin farin ƙarfen filatinam ya shigo sana'ar, wato zaunar da duwatsu a kan azurfa a lulluɓe bayanta da gwal. Shi sai ya baƙanta azurfar da gangan. Farin ƙarfe mai ƙyalli yana gasa da dutse, baƙi kuwa yana ja da baya ya bar launi ya yi magana. Mai sikeli zai ce an rage wa kayan daraja tunda azurfa ba ta kai gwal ba, amma duk wanda ya ga jan yaƙutu a kan baƙin ƙarfe ya san an ƙara masa ne.

Daga baya ya wuce nan. Ya yi aiki da alminiyom, ƙarfen da ake tukunya da shi, da titaniyom, saboda ba su da nauyi kuma suna karɓar launi, sai a yi 'yan kunne manya da ba sa jan kunne. A 1987 ya fitar da kan jakin dawa daga dutsen aƙiƙ mai ratsin fari da baƙi, ratsin dutsen ya zama ratsin dabbar, aka yi masa linzami da lu'ulu'u. Ya yi malam-buɗe-littafi iri-iri, ya yi furanni ba adadi. Shi dai zane da zaɓen dutse ne nasa. Ƙirar kuwa wasu 'yan ƙwararrun maƙera ne a Faransa da Suwizalan suke yi, ya tara su a hankali yayin da aikin ke ƙaruwa, kuma abu ɗaya na iya cin watanni a hannunsu, wani ma shekaru.

Ƙofa a rufe

Ɓangaren da aka fi yayatawa a labarin JAR shi ne yadda yake sayarwa. Kantinsa a lamba 7 a dandalin Vendôme ba shi da tagar baje koli, ba shi da babban allo mai kiran masu wucewa, ba ya talla a mujallu, shi kansa da wuya ya yi hira da 'yan jarida. Galibi sai wani tsohon mai ciniki ya gabatar da mutum kafin a buɗe masa. Abubuwan da yake fitarwa a shekara ba su wuce 70 zuwa 80 ba, kowanne guda ɗaya tak, yawancinsu kuma da wata mace takamaimai a zuciyarsa aka yi su. An kuma san shi da ƙin sayarwa idan ya ga abin bai dace da mai son sa ba, komai kuɗinta.

Mutane kan ɗauki wannan a matsayin hali kawai, ko girman kai. Ni ina ganin akwai lissafin kasuwanci mai ƙarfi a ƙarƙashinsa. Kayan da aka yi domin mutum sananne ba sa kwana a tire, ke nan jari ba ya daskarewa. Ba kuɗin talla, ba hayar rassa a birane goma, ba albashin ɗaruruwan masu jiran kanti. Masu sayen irin waɗannan kaya kuma ba su da yawa a duniya, sun san juna, suna haɗuwa a liyafa ɗaya. 'Yar fim Elizabeth Taylor ta sa kayansa, haka 'yar jarida Barbara Walters, da attajiran mata irin su Marella Agnelli, da Ann Getty, da Lily Safra. Idan ɗaya ta shigo taro da abin da ya zauna mata daram, sauran za su tambaya, tallar ke nan. Idan kuma ya sayar wa wadda abin bai karɓa ba, a taron nan ɗaya za a gani, kuma sunansa za a kira. Saboda haka ƙin sayarwar tsaron suna ne, a sana'ar da suna shi ne dukan jarin.

Faɗaɗawar da ya yi ta gini ɗaya ce: a 1987, bayan shekara tara, suka koma wani ɗaki mafi girma a maƙwabtan na farko. Shi ke nan. A tsawon wannan lokaci maƙwabtansa suna ta shiga hannun manyan rukunonin kamfanoni. Richemont, mai Cartier, ya fara sayen Van Cleef & Arpels a 1999. A wannan shekarar rukunin LVMH ya ɗauki Chaumet. Boucheron ya shiga rukunin Gucci a 2000, wanda yanzu ke ƙarƙashin Kering. Bulgari, inda Rosenthal ya taɓa aiki, ya koma hannun LVMH a 2011, Tiffany kuma a 2021 kan dala biliyan 15.8. Ba na ganin laifinsu. Gidan da ke da kantuna ɗaruruwa dole ya sami abin da zai maimaita dubbai, irin awarwaron Love na Cartier da aka zana a 1969 ko sarƙar Alhambra ta Van Cleef ta 1968, kuma wannan ciniki ne mai riba sosai. Sai dai hanya ce da ke buƙatar kuɗin da mutum ɗaya ba shi da su, kuma wanda ya kawo kuɗin shi ke da ta cewa. JAR ya zaɓi ya girma ta farashin kowane abu maimakon yawan abubuwa, ta haka kantin ya zauna a hannun masu shi.

Bai rufe duk ƙofofi ba dai. Ya buɗe ɗan shagon turare a lamba 14 titin rue de Castiglione, taku kaɗan daga dandalin, turarensa na farko ya sa masa suna Golconda, yankin Indiya da ya shahara da lu'ulu'u. Ya kuma buɗe wani ɗan sashe na turaren a kantin Bergdorf Goodman na New York. Turare ana maimaita shi, kowa na iya shiga ya saya, kuma bai taɓa darajar kayan ƙawan ba.

A Nuwamban 2002 ne jama'a suka fara ganin aikinsa a fili, a Somerset House da ke Landan. An tara abubuwa kimanin 400, aka dusashe fitilun ɗakunan, aka miƙa wa kowane mai kallo 'yar tocila ya haska da kansa. Abin da ya fi burge ni a baje kolin nan shi ne inda kayan suka fito. Kantin da ke sayar da duk abin da ya yi ba shi da rumbun da zai ɗebo, don haka masu kayan ne, mutum 145, suka ciro su daga ma'ajiyarsu suka ba da aro na watanni. Ku duba girman wannan amana. Shi kuma ya gode musu da 'yan kunne na alminiyom mai launi a siffar wani fure da Faransawa ke kira pensée, kalmar da kuma take nufin tunani, wato ina tune da ku. Ya ƙara yin wasu guda 1,000 aka sa a kasuwa a wurin, suka ƙare nan da nan. Ƙarfen tukunya ne, in aka ɗora a sikeli ba zai sayi abincin rana ba, yau kuma gidajen gwanjo na sayar da su dubban daloli.

Ranar da gwanjo ya yi magana

Har zuwa lokacin, farashin JAR sirri ne tsakaninsa da masu cinikinsa. Gwajin gaskiya shi ne ranar da mai kaya za ta fitar da su ta sayar, kamar yadda yayata ta yi, a ga ko aikin zai bi su. A Oktoban 2006 'yar fim Ellen Barkin, bayan rabuwarta da attajiri Ronald Perelman, ta kai kayan ƙawanta gidan gwanjon Christie's a New York. An tashi da sama da dala miliyan 20, kuma 17 daga cikin kayan na JAR ne. Wasu 'yan kunne na dutsen tofaz da yaƙutu da lu'ulu'u, waɗanda masana gidan suka ƙiyasta tsakanin dala 60,000 da 80,000, sun tashi a sama da dala 700,000. Wani zobe da aka ɗora lu'ulu'u mai karat 22.76 a kan ƙarfe siriri kamar zare ya kai dala miliyan 1.8.

A Mayun 2012 aka sake gani a Geneva, inda Lily Safra ta sayar da kayanta domin ayyukan jinƙai, aka tara kusan dala miliyan 38. Guda 18 na JAR ne. Cikinsu akwai wani abin maƙalawa a ƙirji da ya yi a 2003, furen kameliya a buɗe, an daɓe shi da jan yaƙutu mai nauyin karat 173.09. Idan aka mayar da shi giram bai cika 35 ba, kuma ƙananan duwatsu ne, irin waɗanda ɗan tsinken ƙarfe zai ɓamɓare ya tara a takarda. An saye shi dala miliyan 4.3. Babu wanda ya yi tunanin cire ko ɗaya, domin duk darajar tana cikin yadda aka jera su.

Kuɗin gwanjo na mai kayan ne, ba ya shiga aljihun Rosenthal. Amma abin da ya samu ya fi kuɗin. Daga ranar duk wadda ta shiga lamba 7 ta san cewa kuɗin aikin da za ta biya ba zai narke ba, yana ma iya ninkawa. Ƙarancin kayan shi ya riƙe wannan. Idan aka yi lissafi da 70 zuwa 80 a shekara, duk abin da ya yi cikin shekara arba'in da wani abu bai kai 4,000 ba, masu nema kuma sun fi haka yawa, da yawansu ba su da wanda zai gabatar da su a kantin, sai su jira gwanjo. Ƙofar da ya rufe ita ce ta tura mutane can, farashin can kuma ya dawo ya ƙarfafa ƙofar. Mai zanen tufafi Diane von Furstenberg ta kira shi Fabergé na wannan zamani, tana kwatanta shi da mashahurin maƙerin sarakunan Rasha. A Nuwamban 2013 gidan tarihi na Metropolitan a New York ya baje abubuwansa sama da 400 har zuwa Maris na 2014, karo na farko da gidan ya yi wa mai kayan ƙawa irin wannan baje koli yana raye.

Abin da tsarin ya ci

Zuma da zaƙi da harbi. Baje kolin Metropolitan ya sha suka mai zafi, har a jaridar New York Times, kan cewa an jera kaya masu ƙyalli ba tare da bayanin da zai ilimantar da mai kallo ba, kuma gidan tarihi na jama'a ya zama kamar tagar kantin da ke ci gaba da ciniki. Sukar tana da tushe. Mutumin da ya saba shi ke yanke komai a ɗakinsa, da wuya ya sakar wa masana ragama idan ya fito fili. Akwai kuma waɗanda aka mayar daga ƙofa suka tafi da ɗaci a zuciya. Salon daɓen nasa da baƙar azurfa kuwa an kwaikwaye shi ko'ina, manya da ƙanana, domin salo ba abu ne da doka ke karewa cikin sauƙi ba. Abin da ya cece shi shi ne sa hannunsa a bayan kowane abu, da kuma cewa masu kwaikwayo ba sa iya ba abu ɗaya lokacin da yake ba shi.

Ina tsoron matashi mai wannan sana'a ya karanta labarin nan ya ɗauki rufe ƙofar ya bar sauran. Ita ce abu na ƙarshe da ya kamata a kwaikwaya. Rosenthal ya zauna a birnin da attajiran duniya ke ratsawa, inda ƙwararrun masu zaunar da dutse suka gaji sana'ar kaka da kakanni, yana jin harsuna da dama, ya kuma san tarihin zane ciki da bai. Wanda ba shi da waɗannan ya rufe ƙofa, shi kaɗai zai zauna a ciki. Abin da ake iya ɗauka ya fi wannan sauƙi kuma ya fi wuya: a fara da kayan aikin da aljihu zai iya, a zuba wahalar a inda kuɗi ba ya saye, a yi wa mutum sananne maimakon tire, a ƙi sakin abin da bai kai ba ko da ana bukatar kuɗin, a kuma sa suna a jikin aiki. Maƙeran azurfa na Agadas da yawa suna zana sunansu da rubutun Tifinag a bayan abin da suka ƙera, kuma azurfar tasu ana sayenta a Turai sama da nauyinta. Sarƙar yayata kuwa babu wanda ya san hannun da ya yi ta, shi ya sa babu wanda zai tsaya mata a gaban sikeli.

Matsalar da ta fi girma ita ce ta magaji. Sana'ar da aka gina a kan idon mutum ɗaya, ina za ta idan idon ya rufe? An ga misali a birnin nan na Faris. Suzanne Belperron, wadda aka haifa a 1900, tana cikin manyan masu zana kayan ƙawa na zamaninta, ita ma a wani ɗaki a saman bene take karɓar masu ciniki ba a kanti ba. Ta ƙi sa hannu a aikinta, tana cewa salonta shi ne sa hannunta. An rufe kamfaninta a 1974, ta rasu a 1983, sunanta ya kusa ɓacewa. Da aka yi gwanjon kayan matar tsohon Sarkin Ingila Edward na 8 a Geneva a 1987, kaɗan ne daga cikin ayyukanta aka iya danganta mata. Sai a 1999 wani ɗan kasuwar New York, Ward Landrigan, ya sayi sunan da zane-zanenta, a 2015 aka buɗe sabon ɗaki a titin Fifth Avenue ana ƙera kaya daga takardun da ta bari, shekara 32 bayan rasuwarta.

JAR ya kauce wa rabin wannan. Kayansa na da sa hannu, baje kolin Landan da na New York sun bar manyan kundaye na hotuna, gidajen gwanjo na da tarihin abin da ya ratsa hannunsu, don haka tantance na gaske ba zai yi wuya ba. Ɗaya rabin yana nan. Takarda na iya adana siffar fure, amma ba ta zama gaban tire ta ce wannan jan ya fi wancan dacewa da gindin ganye, ba ta kuma duban mace ta ce wannan ba naki ba ne. Sunan kantin haruffan sunan mutum ɗaya ne, mutumin kuma ya haura shekara 80.